Ƙamshi da Ciwon Kai

Sau nawa kanki ya sara, kika zuba turaren wuta a kasko, ko kika shaƙi man zafin da maigida ya sayo a kasuwar Maigatari, kika ji sauƙi? Sauƙin nan na gaske ne, amma ba duka daga turaren yake ba.

A shekarar 1978 wasu likitoci a Amurka sun yi wa mutanen da aka cire wa haƙori allurar da babu magani a cikinta. Wasunsu raɗaɗin ya ragu, domin in mutum ya sakankance zai ji sauƙi, ƙwaƙwalwarsa kan saki nata maganin.

Sai dai fa 'yar uwa, ƙamshi lallashin ciwo yake yi, ba ya korar cuta. In kina da juna biyu, ga ciwon kai mai tsanani, ga kumburin fuska, ga gani dishi-dishi, kada ki tsaya ga kasko. Wataƙila hawan jini ne, yakan kai ga jijjiga. Ki gaya wa maigida nan take ya kai ki asibitin Gumel ko mafi kusa, a auna ki.

Allah ya raba lafiya.