In Kunne Ya Ji, Jiki Ya Tsira: Me Ƙarar Tsohuwar Motar Gidanku Ke Faɗa?

 Na san wata za ta ce, "To mu ina ruwanmu da zancen mota, ba aikin maza da bakanike ba ne?" Ai kuwa da ruwanki, domin ke ce a kujerar gaba kusa da maigida, ko a baya ke da ƙannenki Baba zai sauke ku a makaranta. Mai tuƙa mota kullum yakan saba da ƙararta har ya daina ji, in ta dame shi ya ƙure rediyo. Ke da hannunki ba ya kan sitiyari, kunnenki ya fi nasa sakewa.

Yawancin gidajenmu tsofaffin motoci ne. Wasu har yanzu suna riƙe da Peugeot 504, Fijon nan ta kamfanin da ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, wasu kuma Golf ko Corolla 'yar Beljiyam da ta sha aiki a Turai kafin ta iso. Zafin rana yana busar da robobinta, gargada tana sassauta mata gaɓoɓi, dole ta yi ƙara. Sai dai ƙara iri biyu ce: wata takura ce kawai, wata kuwa gargaɗi ce. Abin da nake so ki koya shi ne rarrabe su.

Matakin farko, a gano ko daga inji take ko daga ƙafafu. Mota na tsaye a fili, mai tuƙi ya ba ta wuta. In ƙarar ta tashi, to a nemi inji ko salansa. In ba ta fitowa sai ana tafiya, a samu hanya miƙaƙƙiya da ba cunkoso, ya taka kuloci ko ya cire giya na ɗan lokaci, amma fa kada ya kashe inji, don birki da sitiyari na iya yin tauri. In ƙarar na nan tana bin gudun motar, to taya ce, ko boris, ko iska.

Taya ita ce ta farko da za a zarga, domin da zarar ƙaramar mota ta wuce gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa, ƙarar taya kan rinjayi ta inji. Alamarta ita ce tana sauyawa da sauyin hanya: a sabuwar kwalta ta lafa, a tsohuwa ta tashi. In an tsaya, taya ta huce, ki shafa zanenta da tafin hannu. In kika ji tudu da kwari, ko kaifi-kaifi kamar haƙoran zarto, to ba ta cinyewa daidai, kuma sau da yawa laifin shokazoba ne da ta mutu ko saitin ƙafafu da ya goce. A sa mai faci ya mai da tayoyin gaba baya. In ƙarar ta bi su, an kama ɓarawo.

Ki kuma duba shekarunta. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In kika ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Roba in ta tsufa takan yi tauri, ta ƙara ƙara, ta rage kama ƙasa. Kamfanonin taya da dama suna cewa kada a yi amfani da wadda ta kai shekara 10, ko da zanenta na nan kamar sabo. Wadda zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6 kuwa ta gama aiki. Iska ma a auna ta da geji tun taya na da sanyi, a bi adadin da kamfani ya rubuta, galibi a jikin ƙofar direba, a daina dogara da bugu da ƙafa.

Yanzu ga wadda ba a wasa da ita. In kika ji wani gurnani mai kama da na jirgin sama daga nesa, yana ƙaruwa da gudu, bai damu da sabuwar kwalta ko tsohuwa ba, to a binciki boris ɗin ƙafa. Ki lura da kwana: in an karkata hagu ya ƙaru, galibi na dama ne ya lalace, saboda nauyin motar can yake komawa. Bakanike zai ɗaga ta da jak, ya juya tayar da hannu, ya girgiza ta sama da ƙasa. Boris in ya ci ya cinye yana iya ƙamewa ko ya saki taya ana cikin gudu. Wannan ba ya jiran ƙarshen wata.

Haka nan ƙas-ƙas-ƙas da ake ji in an murɗa sitiyari sosai a mota mai jan gaba irin su Golf, yawanci robar shaf ce ta yage, giris ya zube, ƙasa ta shiga. Kwaram-kwaram a kan gargada kuwa bushin ne ko shokazoba.

Salansa ma sai an kula. In ta huje, mota kan yi ƙugi daga ƙarƙashi, kuma hayaƙi na iya shigowa ta hujin da tsatsa ta yi a daɓen motar. A cikin hayaƙin akwai iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barci mai nauyi. In kika ga yara na yawan galabaita a mota suna warwarewa in an fita, kada ki ce gajiya ce kawai. A sauke gilasai, a tsaya, a kai wa mai walda.

In an gama da waɗannan, sauran aikin mai sauƙi ne, har ke ma kya iya. Fito da ake ji daga saman ƙofa iska ce ke kutsowa. Ki sa takarda a bakin ƙofa ki rufe, ki ja. In ta zare ba wuya, robar wurin ta mutu, a sake ta. Ki buɗe but ki ga ko jak da safaya da sifana na yawo, a ɗaure su. A ɗaga kafet, a toshe duk wani huji, a shimfiɗa mai kauri a ƙasa da cikin but, amma a nisanta shi da birki da totur. Akwai kuma wani falle mai danƙo da ake liƙawa a cikin ƙofofi don hana ƙarfe rawa. Sai dai wannan shi ne na ƙarshe, don wanda ya rufe ƙarar boris da kafet ya rufe ciwo ne da riga.

To yaya za ki faɗa? Kin san maza da motarsu, wani ya fi son ki kushe rigarsa. Kada ki ce "wannan akwalar taka". Ki bari an dawo gida an huta, ki ce, "Maigida, na ji wani gurnani ta bayan dama in muka yi kwana hagu, ko za a nuna wa bakanike?" In Baba ne, ki rusuna ki faɗa, ko ki bi ta wajen Umma. Bayani dalla-dalla irin wannan yana rage wa bakanike lalube, ya rage wa gida kashe kuɗi a kan abin da lafiyarsa ƙalau.

Tsohuwar mota ba za ta koma shiru kamar sabuwa ba, amma za ta iya lafawa har a yi hira ba ɗaga murya, jariri ya yi barcinsa, kowa hankalinsa kwance. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya kai mu gida lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.