Ɗaliban Sakandare da Halittun Daji a Sansanonin Soja: Horon Sanin Makamar Aiki a Amurka

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci sansanin soja, abin da yakan fara zuwa wa mutum a rai shi ne fareti da ƙarar bindiga da shingen waya. A ƙasar Amurka kuwa, yawancin manyan sansanoni suna da ofishin kula da muhalli, inda masana tsirrai da dabbobi suke aiki, wasunsu ma sukan karɓi ɗaliban sakandare domin su koyi aikin a aikace. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin da ya sa filayen soja suka zama mafakar halittun daji, da irin aikin da ɗalibi yake yi a wurin, da kuma iyakokin da aka gindaya masa.

2.0 Ma'anar Kalmomi

An zaɓi “horon sanin makamar aiki” a nan maimakon “koyon sana'a”, domin mai koyon sana'a a al'adar Bahaushe yakan shekara da shekaru a hannun ubangidansa har a yaye shi, shi kuwa wannan ɗalibi makonni ko watanni kawai yake yi, sa'an nan ya koma aji. Haka kuma an fi son “halittun daji” a kan “namun daji”, saboda ita ta biyun takan kai tunanin mai sauraro ga manyan dabbobi irin su giwa da ɓauna, alhali abin da ake kula da shi a sansanonin ya haɗa da tsuntsaye da kifaye da ƙwari da tsirrai.

3.0 Dalilin Zaman Sansani Mafaka

Rundunonin sojan Amurka suna riƙe da ƙasa mai faɗin kimanin eka miliyan 25. An killace yawancinta tun kafin birane su bunƙasa a kewayenta, saboda haka garma da gine-gine ba su taɓa ta ba. Sansanin Camp Pendleton na jihar Kalifoniya misali ne: yana da gaɓar teku mai tsawon mil 17 tsakanin biranen Los Anjeles da San Diyego, kuma tsuntsayen bakin ruwa da otal-otal suka kora daga wasu wurare suna yin sheƙa a rairayinsa.

Doka ma ta taka rawa. A 1960 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da Dokar Sikes, wadda ta buɗe ƙofar haɗin gwiwa tsakanin soja da hukumomin kula da kifaye da dabbobi. Da aka yi mata gyara a 1997, sai ta wajabta wa kowane sansani mai albarkatun ƙasa na a-zo-a-gani ya rubuta tsarin kula da su. Akwai kuma dokar 1973 ta kare halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda ta hau kan soja kamar yadda ta hau kan sauran hukumomin tarayya.

4.0 Misalin Fort Bragg

Sansanin Fort Bragg na jihar Karolina ta Arewa shi ya fi nuna yadda lamarin yake. A dajinsa akwai wani nau'in makwakkwafi, wato tsuntsun nan mai sarar itace da baki, wanda aka sanya cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 1970. Wannan tsuntsu ba ya yin kogonsa sai a jikin tsohon itacen fayin mai rai, aikin da kan ɗauke shi shekaru. Yakan kuma huda ƙananan ramuka a kewayen ƙofar kogon domin ƙaro ya kwararo, ya hana maciji hawa. Dajin fayin mai dogon ganye da yake rayuwa a ciki ya taɓa mamaye kimanin eka miliyan 90 a kudu maso gabashin Amurka, amma saran katako da noma da hana gobara suka bar ɗan kaɗan. Shi wannan daji sai da wuta yake rayuwa, domin ita ke cinye ƙananan itatuwan da kan shaƙe shi. Gobarar da harsasai da bama-bamai ke tayarwa lokacin atisaye ta taimaka wajen wanzuwarsa a filayen soja.

A 1990 hukumar kula da kifaye da dabbobi ta tarayya ta yanke cewa ayyukan sansanin suna yi wa tsuntsun barazana, aka taƙaita atisaye a kusa da itatuwan da yake zaune, aka shafa musu farin fenti don sojoji su gane su. Daga nan ne hukumomin sansanin suka fahimci cewa yawaitar tsuntsun ita ce hanyar dawo da filin atisaye. Aka shiga ƙona daji bisa tsari duk bayan 'yan shekaru, ana kuma dasa kogunan da aka sassaƙa da hannu a jikin itatuwa. A wajen 2005 sansanin ya kai adadin da aka ɗiba masa, daga baya aka sassauta takunkumin. A 2024 aka sauke tsuntsun daga matakin masu fuskantar ƙarewa zuwa mataki mai sauƙi.

5.0 Aikin Ɗalibi

Shigar da matasa aikin muhalli tsohuwar al'ada ce a Amurka. An kafa Ƙungiyar Ɗalibai Masu Kiyaye Muhalli a 1957, sa'an nan a 1970 gwamnatin tarayya ta fara wani shiri na ɗaukar 'yan shekara 15 zuwa 18 aiki a gandayen daji lokacin dogon hutu. Horon da ake yi a sansanoni yana bin wannan sawu, sai dai akwai ƙarin sharuɗɗan shiga, kamar takardar izini da amincewar iyaye.

Ɗalibi yakan bi masani ne zuwa daji da sassafe, kafin zafi ya sa tsuntsaye su yi shiru. Yakan koyi duba zoben da aka sanya a ƙafar tsuntsu da madubin hangen nesa, ya rubuta launukansa bi da bi, domin da su ake gane kowane tsuntsu da danginsa. Yakan auna kaurin itace, ya ɗauki lambobin wurin da na'urar tauraron ɗan'adam, ya tumɓuke baƙin tsirrai masu mamaye na asali, ya ɗebo ruwan rafi don gwaji. Da rana kuma ya zauna gaban kwamfuta ya shigar da abin da ya rubuta. Wannan kashi na ƙarshe shi ne mafi gundura, shi ne kuma mafi nauyi, domin da waɗannan alƙaluma ne hukuma take yanke shawarar rufe wani fili ko buɗe shi ga sojoji. Launi ɗaya da aka rubuta ba daidai ba yana iya mayar da tsuntsu ɗaya ya zama biyu a lissafi.

6.0 Iyakoki

Akwai abubuwan da ba a barin ɗalibi ya kusanta. Wuraren da ake harba manyan bindigogi cike suke da bama-baman da ba su fashe ba, ko manyan masana ba su shiga sai da rakiya. Dokar ƙwadago ta tarayya ta hana wanda bai kai shekara 18 ba yaƙi da gobarar daji da amfani da zarto mai inji. Taɓa tsuntsun da doka ta kare kuwa sai mai lasisi. Ya kamata kuma a faɗa cewa filin soja ba aljanna ba ne: an sami gurɓatar ruwan ƙasa a sansanoni da dama sakamakon sinadaran kumfar kashe gobara, kuma atisaye shi ne kan gaba a jadawali, aikin daji yana bin bayansa.

7.0 Kammalawa

An ga cewa killacewa da doka da bukatar soja ta kansa su ne suka haɗu suka mayar da sansanoni mafakar halittun daji. Ɗalibin da ya yi horo a irin wannan wuri yakan fito da sanin cewa kiyaye muhalli ya ta'allaƙa ne a kan ƙirga abu daidai, da rubuta shi daidai, da sasantawa da wanda bukatarsa ta saɓa da taka. Da irin wannan aiki na haƙuri ne makwakkwafin Fort Bragg ya tsira, sojojin kuma suka sake samun filinsu.