Hassan da Hussaini a bangon gidan kallo

Duk wanda ya taɓa zuwa barkar tagwaye ya san ido ba ya zama lafiya sai ya gano wane ne Hassan, wane ne Hussaini. Masu fasahar gani na wannan zamani sun daɗe da fahimtar wannan ɗabi'a, suna kuma cin moriyarta.

A gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York akwai aikin Felix Gonzalez-Torres, haifaffen Kuba, na shekarar 1991, mai suna "Untitled" (Perfect Lovers). Agogon bango ne guda biyu masu batir, irin na kanti, an rataye su gefe da gefe suna taɓa juna, an saita su daidai wa daida. Iyakar aikin ke nan. Mai gaggawa zai ce raini ne. Amma a sannu ɗaya zai zarce da daƙiƙa, daƙiƙa ta zama minti, wata rana kuma batirin ɗaya ya riga na ɗan'uwansa ƙarewa. A shekarar da aka yi aikin, abokin zaman Gonzalez-Torres, Ross Laycock, ya rasu da cutar ƙanjamau. Shi ma ya bi shi a 1996. A ganina, ƙarfin aikin yana cikin wannan jira da mai kallo yake yi.

Yarabawa sun riga shi sanin zafin rabuwar abin da aka yi shi biyu. Idan ɗaya daga tagwaye ya rasu, akan sassaƙa ɗan gunkin itace, ere ibeji, uwa ta riƙa yi masa wanka da sutura kamar mai rai. Wannan al'ada da yawan tagwayen Igbo-Ora a jihar Oyo ne suka ja masu ɗaukar hoto Bénédicte Kurzen da Sanne De Wilde suka yi jerin hotunan Land of Ibeji, da ya ci lambar World Press Photo a 2019.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ya girmi wannan. A shekarun 1970, wata mai bincike, Marilyn Houlberg, ta tarar a garin Ila-Orangun wasu iyaye sun koma ga mai hoto maimakon masassaƙi. Yakan ɗauki yaron da ya rage, ya wanke hoton sau biyu a takarda ɗaya, sai ga yara biyu zaune. Idan mace ce ta rage, wanda ya rasu namiji, sai a ɗauke ta sau biyu: farko da kayanta, sannan da kayan maza.