Me ya sa ake ta ɗibar jinin wanda aka sa wa maganin tsinka jini?

 A shirin lafiya na wannan mako mun ɗauko ƙorafin da 'yan jinya ke yawan yi: an sa wa ɗan'uwa ruwa, ga shi safe da yamma sai an zo an ɗebi jininsa, kuma kowane awo da kuɗinsa.

To ga yadda abin yake. Wanda ya daɗe a takure cikin mota, misali daga Malanbil zuwa Kwatano, ko ya jima a kwance bayan tiyata ko haihuwa, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafarsa. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi. In gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu, numfashi ya sarƙe, yana iya kisa. Ɗaya daga cikin magungunan da likita ke sawa ta jijiya shi ne heparin. Yana hana gudan girma, jiki kuma ya narkar da shi a hankali.

Wahalar heparin ita ce ma'auni. Mutum biyu masu nauyi ɗaya, a ba su daidai wa daida, jinin wannan ya tsinke har ya soma zuba, na wancan ko gezau. Ido ba ya gane wannan, sai awo.

Awon da za ku gani a takarda, a babban asibitin CHUD na Paraku ko asibitin Ordre de Malte na Jugu, shi ne TCA. Ana ƙirga daƙiƙa nawa jini ke ɗauka kafin ya daskare. Na lafiyayye wajen daƙiƙa 30 ne. Ga mai karɓar heparin, galibi ana son ya kai wajen 45 zuwa 75, ko da yake kowane ɗakin awo da nasa ƙa'idar. Ana aunawa kafin a fara, sai bayan awa 6, sai kuma awa 6 bayan duk canjin gudun ruwan. In ya daidaita, sau ɗaya a rana ya isa. Akwai wani awon, anti-Xa, mai auna ƙarfin maganin kansa cikin jini, ana neman 0.3 zuwa 0.7, sai dai ba kowane asibiti ke da shi ba.

Jinin da ake ɗiba bai cika cokalin shayi ba. Daga ɗaya hannun ake ɗauka, ba wanda ruwa ke shiga ba, kuma ba ya jure jira. Kada wani ya ce zai ɗauki kwalba a kan babur daga Jugu zuwa Paraku, fiye da kilomita 130 cikin rana. Sakamakon ƙarya zai dawo da shi.

Sai ƙirgen plaket, ƙananan ƙwayoyin da ke toshe rauni. A wasu mutane heparin na karya yawansu, galibi tsakanin kwana 5 zuwa 10, kuma abin mamaki, a lokacin ne jini ke ƙara daskarewa. In likita ya ga haka, tsayar da maganin yake yi ya canja wani.

Ku 'yan jinya, ga naku aikin. Ku faɗa wa likita in mai ciwo na shan asfirin, diklofenak ko jiƙo. Makiyaya, in kububuwa ta sare shi kwanan nan, ku faɗa tun daga ƙofa, don dafinta kansa na hana jini daskarewa. Ban da ƙaho, ban da tsaga. Kada a taɓa robar ruwan don a gama da wuri a koma wajen shanu. In kun ga baƙin bayan gida, jini a fitsari ko dasashi, ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, ku kira ma'aikacin jinya nan take. Za a tsayar da ruwan, kuma akwai makarinsa, sunansa protamin.