Yadda Aka Buɗe Ƙofofin Da Aka Rufe Wa Masu Rigakafi

A shekarar 2003 wata magana ta zagaye Kano, daga cikin ganuwa har ƙauyukan Ungogo. Aka ce maganin rigakafin shan-inna da ake ɗiga wa yara a baki an gauraya shi da abin hana haihuwa, don a rage yawan Musulmi. Maganar ba daga bakin gama-gari ta fito ba, domin Dakta Datti Ahmed, likita kuma shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a, shi ne kan gaba. Gwamna Malam Ibrahim Shekarau ya dakatar da rigakafin a faɗin jiha.

Duk wanda ya ce jahilci ne kawai bai yi wa mutanenmu adalci ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a Asibitin Zana, a wani gwaji da ya shafi yara wajen 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Ga yaƙin Iraƙi ana ji a rediyo safe da yamma. Sannan ga tambayar da magidanci a Panisau ko Rangaza yake yi, wadda ba a iya amsa masa ba: zazzaɓi da ƙyanda suna kashe min 'ya'ya, asibiti sai da kuɗi, me ya sa wannan kaɗai ake biyo ni da shi har zaure kyauta?

Cutar kuwa ba ta jira a gama gardama ba. Ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da Indonesiya. A 2006 an samu yara 1,122 da ta kama a Najeriya.

Masu aikin hulɗa da jama'a a Amurka sukan ɗora tarihin sana'arsu a kan Ivy Lee da Edward Bernays. Babbar dabarar Bernays tun shekarun 1920 ita ce a sa saƙo a bakin wanda mutane suka riga suka yarda da shi. Sarakunanmu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa umarni yake bin hakimi da dagaci da mai unguwa kafin mai shela ya ɗaga murya. Jami'an lafiya sun sha wuya kafin su koma kan wannan hanya.

Da farko aka lallashi manya. Gwamnatin Kano ta aika tawaga Indonesiya, ƙasar Musulmi, aka yarda da maganin kamfanin Bio Farma, aka ci gaba da rigakafi a ƙarshen Yulin 2004. A Oktoban shekarar, Shugaba Obasanjo ya ɗiga wa 'yar Gwamna Shekarau maganin a bainar jama'a. Saudiyya ta sa rigakafin cikin sharuɗɗan alhazan Najeriya, dattijo mai furfura ya buɗe baki aka ɗiga masa. A 2009 Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya. Shekarar da ta biyo baya yara 21 kacal aka samu a ƙasar duka.

Amma ƙofar gida ba ta buɗuwa da hoton gwamna. Ungogo na cikin ƙananan hukumomin da aikin ya fi wahala: unguwanni irin su Bachirawa da Rijiyar Zaki suna cika da baƙi kullum, bayansu gidaje warwatse cikin gonaki. Cutar ta sake ɗagowa a 2012, yara 122 a faɗin ƙasar. A nan ne aka ɗauki mata 'yan unguwa, kowacce da gidajen da take kula da su. Mace ce da ake gani a gidan suna da gidan biki, ta san mai ciki, ta san wadda mijinta ya hana, kuma tana shiga inda namiji ba ya wuce zaure. Aka dawo da majigi, da daddare a kafa farin ƙyalle a fili a nuna yadda cutar ke shanye ƙafa. Aka amsa tambayar magidancin nan da sansanin lafiya mai maganin zazzaɓi da sabulu kyauta.

A ganina, guragu ne suka fi kowa tasiri. Aminu Ahmed Tudun Wada, mai ƙera kekunan guragu, da 'yan ƙungiyarsa sun riƙa bin gidajen da aka ƙi. Uban da ya kori ma'aikaci da tsawa yakan rasa ta cewa idan mutum ya jawo jiki zuwa ƙofarsa ya nuna masa ƙafafunsa.

An biya da jini. Ranar Juma'a 8 ga Fabrairu 2013, 'yan bindiga suka kashe masu aikin rigakafi tara a wurare biyu cikin Kano, akasarinsu mata. Allah ya jiƙansu. Bayan ɗan lokaci sauran matan suka sake ɗaukar akwatunan ƙanƙara suka fita.

Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano an same shi a Sumaila a Yulin 2014. Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ita.