Rufin gida a Matamaye: Abin da mai turo kuɗi ya kamata ya tambaya kafin a sayi kwano

Da zarar ruwa ya ɗauke, an kai gero rumbu, sai wayoyi su fara kai-komo tsakanin Matamaye da Tamanrasset, Legas ko Yamai. Maganar kusan ɗaya ce: ɗakin tsohuwa ya yi ta zuba duk damina, a taimaka a sa masa kwano kafin ruwa ya dawo.

Matamaye, babban garin gundumar Kantche a jihar Damagaram, na cikin yankunan da 'ya'yansu ke yawan fita ci-rani, musamman zuwa Aljeriya da Najeriya. Rufin gidan iyaye na cikin abubuwan farko da ɗan ci-rani ke son ya ga guminsa ya yi. Daminar 2024 ta ƙara wa batun nauyi: ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a faɗin Nijar, ta rusa dubban gidaje, kuma a watan Satumba tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi.

Sai dai mai biyan kuɗin yana nesa. Abin da yake gani shi ne hoton da aka turo masa ta WhatsApp, ja ko shuɗi yana ƙyalli a rana. Hoto kuwa ba ya nuna kauri, kuma a kan kauri ake yawan cutar mai saye.

Kwano iri-iri ne

Kwano yana shigowa garin daga Damagaram, ko daga Kano ta hanyar Daura da kan iyakar Ɗan Barto. Mafi araha shi ne kwanon ƙarfe da aka shafe da tutiya don hana tsatsa. Da zarar shafen ya ci, tsatsa ta kama. Sai wanda ake kira Aluzinc: shi ma ƙarfe ne, amma kashi 55 cikin 100 na shafensa alminiyom ne, abin da ya sa ya fi na farkon jure tsatsa. Na uku shi ne zallar alminiyom, marar nauyi, ba ya tsatsa, amma idan siriri ne yana saurin lotsewa, kuma iska na iya yaga shi a bakin ƙusa.

Akwai kuma na yayi, wanda ake gani a sababbin gidajen Kano da Abuja: ƙananan fallaye na ƙarfe da aka yayyafa wa tsakuwa, waɗanda 'yan kasuwa ke kira Gerard. Yana rage ƙarar ruwan sama, yana da kyan gani, amma yana bukatar rufi mai gangara sosai da katako mai yawa. Ɗora shi a kan tsohon bangon ƙasa ba tare da an ƙarfafa ginin ba, kashe kuɗi ne kawai.

Lamba da sikeli

A kasuwannin Nijar ana rubuta kaurin kwano da lamba irin 35/100, ma'ana milimita 0.35. A Najeriya sai a ce 0.45 ko 0.55. Inda aka yi amfani da lambar geji, lissafin juyewa yake yi: idan lamba ta ƙaru, kauri raguwa yake.

Rubutun jikin kwano ba hujja ba ne. Akwai ɗan ƙaramin ma'auni da ake kira maikuromita, wanda ke nuna kauri nan take. Inda babu shi, sikeli ya isa shaida. Murabba'in mita ɗaya na ƙarfe mai kaurin 0.35 yana kai kusan kilo 2.7, mai kaurin 0.20 kuwa kusan kilo 1.6. Bandir biyu masu tsawo da faɗi ɗaya, masu yawan fallaye ɗaya, wanda ya fi nauyi shi ya fi kauri. Idan kuma aka ce alminiyom ne, a kara masa maganaɗisu: in ya manne, ƙarfe ne aka yi wa fenti.

Iska ba ta duba launi

Rufi da yawa ba tsatsa ke kashe shi ba. Iskar da ke gaban hadarin farkon damina ce ke ɗaga shi gaba ɗaya, kwano da katako, ta yar a gidan maƙwabta. Saboda haka dole a ɗaure katakon da bango da ƙarfe ko waya mai kauri da aka binne cikin ginin. Ƙusa mai hula a kan tudun kwano ake buga ta, domin kwarin hanyar ruwa ce. Inda falle ya hau kan falle ta tsawo, a bar aƙalla santimita 15. Katako kuma ya zama busasshe, a shafa masa maganin gara.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin yankin ke haura digiri 40, ɗakin kwano marar silin tanda ne, alhali tsohon soron azara da ƙasa ya saba riƙe sanyi. Dattijon da aka fitar daga ɗiga aka saka a wannan zafin, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kwano mai haske, silin, da 'yar kafar shan iska tsakaninsu suna rage matsalar sosai.

Abin da ya rage ga mai turo kuɗi shi ne ya nemi lissafi a rubuce: irin kwano, kaurinsa, yawan fallaye, katako, ƙusa, silin da ladan kafinta, kowanne daban. Ya sa wani amintacce, wanda ba shi ne kafintan ba, ya tsaya a wurin awo, ya turo hoton sikeli. In kuɗi bai kai ba, gara a rufe ɗaki ɗaya da kwanon kirki bana, a bar na biyun sai baɗi, da a rufe gida duka da wanda iskar watan Yuni za ta kwashe.