Jeju: tsibirin da dutse da iska suka raina

Manomin Kurawa ta ƙasar Gobir da ya taɓa shuka gero da ruwan farko, iska ta taso ta binne tsiron da rairayi, zai fahimci mutanen Jeju fiye da yawancin masu zuwa can ɗaukar hoto. Tsibirin yana kudancin Koriya ta Kudu, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 1,850, kuma aman wuta ne ya haife shi. A tsakiyarsa dutsen Hallasan yake tsaye, mita 1,947, mafi tsawo a ƙasar. Da hunturu ƙanƙara takan lulluɓe kansa fari fat, alhali a gindinsa lemun tanjarin na nuna a gonaki.

A 2007 UNESCO ta sa dutsen, da kogunan da narkakken dutse ya huda a ƙarƙashin ƙasa, da tsaunin Seongsan na bakin teku, cikin wuraren gado na duniya. Sai dai ainihin kyan Jeju yana cikin gonakinta. Ƙasar baƙa ce, marar nauyi, ruwa na sauka ta shanye shi, don haka shinkafa ba ta samu gindin zama ba. Sha'ir da wani nau'in gero mai ƙananan ƙwaya su suka riƙe mutane. Da an watsa iri sai a koro dawakai cikin gona su tattake ƙasar, don kada iska ta kwashe shi. Duwatsun da garma ke tonowa kuma aka jera su katanga, ba laka ba siminti, an bar ƙofofi tsakaninsu iska na ratsawa, shi ya sa guguwa ba ta cika rushe su ba. Aikin darnin kara ne na Sabon Birni da Isa, amma da baƙin dutse. An kiyasta tsawon katangun ya haura kilomita 22,000, kuma hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama su a 2014.

Da gona ta gaza, mata suka faɗa teku. Ana ce musu haenyeo. Sukan nutsa kimanin mita 10 ba tukunyar iska, su ɓamɓaro katantanwar teku da ciyawar ruwa, su ɓullo suna fitar da numfashi da wani irin fito. Yawancinsu yanzu sun haura shekara 60, 'yan mata kuwa ba su cika sha'awar gadon ba. UNESCO ta sa sana'ar cikin al'adun da ake karewa a 2016.

Abincin ma daga nan ya samo asali: faten shinkafa da katantanwa, miyar ciyawar teku, gasasshen kifi, da omegi, wani curin garin gero da ake birgima shi cikin jan wake. Amma fa abin da gidajen abinci suka fi tallatawa shi ne naman baƙin alade, don haka Musulmi ya tambaya kafin ya sa hannu. Kifi dai ba ya yankewa.

Hanyar jirgin sama daga Seoul zuwa Jeju tana cikin mafi cunkoso a duniya, tafiyar kusan awa ɗaya. Tun 2002 tsibirin ke karɓar baƙin ƙasashe da dama ba biza, amma Najeriya ba ta cikinsu. Mai niyya daga ƙasar Gobir sai ya fara neman biza a ofishin jakadancin Koriya ta Kudu da ke Abuja.